Bututun Roba A Gida: Yadda Za A Ja Ruwa Ba Tare Da An Jawo Cuta Ba

Daga wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, Sashen Kula da Masu Juna Biyu

GABATARWA

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi jan ruwa zuwa cikin gida da bututun roba. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ungozoma da aikin famfo? Amsar ita ce, da yawa daga cikin cututtukan da ke kawo mata da ƙananan yara asibiti ta ruwan sha suke shiga jiki, kuma ruwan nan ta cikin bututu yake bi kafin ya iso moɗa. Ruwa zai iya fitowa daga matata ko daga rijiyar burtsatse garau, amma ya gurɓace a 'yar tazarar da ke tsakanin bakin titi da tsakar gida. Saboda haka yana da kyau maigida da uwargida su san yadda aikin yake, domin su iya sa ido a ranar da mai aikin famfo ya zo.

AMFANIN SAMUN RUWA A CIKIN GIDA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum guda yana buƙatar aƙalla lita 20 na ruwa a rana domin sha da girki da ɗan wanke hannu. Idan ana son wanka da wanki su wadata, buƙatar takan kai lita 50 ko fiye. Ke nan gida mai mutum 8 zai buƙaci kusan lita 400 a kullum, wato jarka 16 mai cin lita 25. Kowace jarka kuwa nauyinta kilo 25 ne idan ta cika. Mace mai tsohon ciki ko mai jego, ballantana wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, bai kamata tana ɗaukar irin wannan nauyi ba.

Bayan haka, inda ruwa ke wuya a nan ake yi masa rowa. Sai a taƙaita wanke hannu, a bar kayan jariri su taru, a yi ta wanke-wanke da ruwa guda. Idan akwai famfo kusa da banɗaki da kusa da madafi, wanke hannu da sabulu yakan zama abu mai sauƙi ga kowa, har da yara.

YADDA ƘAZANTA KE SHIGA BUTUTU

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan bututu ya tsage, asarar ruwa kawai ake yi. Lamarin ya wuce haka. Lokacin da ruwa ke gudu da ƙarfi a cikin bututu, shi ne ke tunkuɗowa waje ta wurin tsagar. To amma a yawancin garuruwanmu ruwan famfo zuwa yake yi yana ɗaukewa. Da zarar an ɗauke ruwa, sauran da ke cikin bututu sai ya gangara baya, bututun ya riƙa zuƙar duk abin da ke kewaye da shi, kamar yadda sirinji ke zuƙar magani idan aka ja shi baya. Idan tsagar tana kwance a cikin kwata, ruwan kwata za ta zuƙa. Idan tana kusa da masai ko sokawe, abin da ke tsatsafowa daga can za ta zuƙa. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ƙazanta ce za ta fara isowa cikin randa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1854 annobar kwalara ta kashe mutane fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin gidajen mamatan, ya gano cewa mafi yawansu daga famfon tuƙa-tuƙa guda suke shan ruwa, ya kuma sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya bincike ya nuna cewa akwai ramin ƙazanta da tazararsa da rijiyar famfon ba ta kai mita 1 ba, kuma a cikinsa aka riƙa zuba ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mai gudawa.

CUTUTTUKAN DA KE BIN GURƁATACCEN RUWA

1. Kwalara, wato amai da gudawa. Tana iya ƙarar da ruwan jikin mutum cikin 'yan sa'o'i. A shekarar 2021 an samu mutane fiye da dubu 100 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne abin ya fi shafa.

2. Zazzaɓin taifot da atini da gudawar yara. Yaron da ke yawan gudawa yakan rame, girmansa ya tsaya, jikinsa ya kasa yaƙar sauran cututtuka.

3. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, masu sa idanu su yi shawara. Nau'in E ya fi tsananta ga masu ciki. Idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, akan iya rasa mace 1 cikin 4 ko 5. A shekarar 2017 an yi annobarsa a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar da kuma wani sashe na jihar Borno, kuma mata masu ciki ne suka fi rasa rayukansu a Diffa.

4. Shan-inna da wasu tsutsotsin ciki, waɗanda su ma daga bayan gida suke bi su shiga baki.

Ban da waɗannan, ruwan da ke yoyo ya kwanta a tsakar gida ko a lungu yakan zama gidan sauro, danshin bango kuma yakan haifar da fumfuna mai tayar wa masu asma ciwonsu.

IRE-IREN BUTUTUN ROBA DA AIKIN KOWANNE

A da, bututun ƙarfe aka fi sani. Matsalarsa ita ce tsatsa, wadda ke cinye shi ta ciki, ta toshe hanya, ta sa ruwa ya yi ja. Bututun roba ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Sai dai iri-iri ne, kuma kowanne da inda ya dace. Ana rubuta sunan kowanne a jikinsa, don haka a karanta kafin a biya kuɗi.

Na farko shi ne mai rubutun PVC ko uPVC. Sandararre ne, yawanci fari ko ruwan toka, da gam ake haɗa shi. Na ruwan sanyi ne kawai. Ruwan zafi yana sa shi laushi, gaɓoɓinsa su saki.

Na biyu shi ne mai rubutun CPVC. Shi ma da gam ake haɗa shi, amma gam ɗinsa daban ne. Yana jure ruwan zafi har kusan digiri 90 a ma'aunin zafi, wanda a kansa ruwa ke tafasa a digiri 100.

Na uku shi ne mai rubutun PPR, wanda aka fi gani kore. Ba a sa masa gam. Da wata na'ura mai zafi ake narka bakinsa da na mahaɗinsa, a cusa su cikin juna su zama abu guda. Yana ɗaukar ruwan sanyi da na zafi, kuma ya dace da binnewa a bango.

Na huɗu shi ne baƙin bututu mai rubutun PE ko HDPE, wanda ake sayarwa a nannaɗe, sau da yawa da shuɗin layi a jikinsa. Da yake yana da tsawo kuma yana lanƙwasuwa, ana iya jan sa daga bakin titi har cikin gida ba tare da gaɓa a tsakani ba. Wannan babban amfani ne, domin yawancin yoyo a gaɓa yake farawa.

Akwai bututu iri biyu da bai kamata ruwan sha ya bi ta cikinsu ba ko kaɗan: siririn bututun da ake zura wayar lantarki a ciki, da bututun fitar da ruwan banɗaki. Sun yi kama da na ruwa, sun kuma fi araha, amma jikinsu ba shi da kauri kuma ba don ruwan sha aka yi su ba. Haka nan kada a sayi tsohon bututun da ba a san abin da ya taɓa bi ta cikinsa ba. Araha ba ta ado.

A jikin bututu mai kyau za a ga sunan kamfani, da faɗin bututun, da lambar ƙarfin ruwan da zai iya ɗauka, kamar PN10 ko PN16 ko PN20. Duk yadda lambar ta fi girma, bututun ya fi kauri. A nemi wanda ke da shaidar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON. Dalili kuwa, wasu bututun da kawunan famfo na tagulla marasa inganci kan ƙunshi dalma, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a shekarar 2010 ba, inda yara kimanin 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. A birnin Flint na Amurka kuwa, daga shekarar 2014, ta tsofaffin bututun ruwa dalmar ta shiga gidajen mutane. A lura: tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma.

KAFIN A FARA AIKI

Tun ran gini tun ran zane. Maigida da uwargida da mai aikin famfo su zagaya gidan tare, su tsayar da waɗannan abubuwa:

1. Inda masai da sokawe da kwata da turken dabbobi suke, har da na maƙwabta da ke jikin katanga. Hanyar bututun ruwa ta kauce musu gwargwadon iko, ko da hakan zai ƙara tsawon bututu.

2. Idan daga rijiya ko rijiyar burtsatse za a ja ruwan, ana so tazararta da masai ta kai mita 30. Inda fili bai ba da hakan ba, a kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji kafin a fara sha, a kuma riƙa tafasa shi ko sa masa maganin tsarkake ruwa.

3. Inda za a sa kawunan famfo. Uwargida ce ta fi sanin wannan. A sa ɗaya a madafi, ɗaya a ƙofar banɗaki don wanke hannu, ɗaya a wurin wanki da alwala. Tsayinsu ya zama bokiti zai shiga ƙasansu, kuma mai ciki ba sai ta duƙa sosai ba. A ƙarƙashin kowanne a yi daɓen siminti mai kaushi da hanyar fitar ruwa, saboda santsi.

4. Faɗin bututu. A gida madaidaici akan sa mai inci 1 daga tanki, mai kashi uku cikin huɗu na inci a rassa, sai mai rabin inci zuwa kan famfo. Idan aka yi duka da ƙarami, da an buɗe famfo biyu sai ruwa ya zama ɗigo.

5. Makullin ruwa, wato bawul. A sa babba guda a inda ruwa ke shigowa gida, a kuma sa ƙanana a kowane sashe, domin in wuri guda ya lalace a rufe shi kaɗai. Kowane babba a gidan ya san inda babban makullin yake.

6. Idan daga layin hukuma za a ja, a bi ta ofishin hukumar ruwa. Huda babban bututu da dare a ɗaure da roba yakan gurɓata ruwan unguwa baki ɗaya.

HAƘA RAMI DA SHIMFIƊA BUTUTU

Kada a bar bututu a kwance a bisa ƙasa. Rana tana ƙona PVC har ya riƙa karyewa kamar busasshen kara, ga ƙafar mutane da tayar babur da kofaton dabbobi. A haƙa rami mai zurfin kamar santimita 45 zuwa 60, wato ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Inda mota ke wucewa a ƙara zurfi, ko a zura bututun cikin wani babba mai ƙarfi.

A tsince duwatsu da fasassun kwalabe daga ramin, a shimfiɗa yashi mai laushi, a kwantar da bututun, a sake rufe shi da yashi kafin a mayar da ƙasa.

Bututun ruwan sha da na fitar da ƙazanta kowanne da raminsa. Idan dole sai sun gitta juna, na ruwan sha ya bi ta sama da tazarar aƙalla santimita 30, kuma kada gaɓa ta faɗo daidai wurin gittawar.

Idan dole sai an tsallaka kwata, bututun ya bi ta samanta, sama da inda ruwa ke kaiwa da damina, a cikin rigar bututun ƙarfe ko wani mai kauri. Kada ya kwanta a cikin kwatar ko da na kwana ɗaya ne.

Duk lokacin da aka tashi daga aiki a toshe bakin bututu, saboda ƙasa da ƙwari da ƙadangaru. Wanda ya hau bango a waje a kama shi da maƙalai kusa da kusa don kada ya lotsa, a kuma shafa masa farin fenti. Wanda za a binne a bango kuwa, a ɗauki hotonsa da waya kafin a yi filasta, domin kada wata rana a buga ƙusa a kansa.

YADDA AKE HAƊA GAƁOƁI

Ga mai gam, wato PVC da CPVC, matakan su ne:

1. A yanke bututun daidai da zarto, ba a karkace ba.

2. A kankare ɓurɓushin bakin da wuƙa ko samfefa, ciki da waje.

3. A goge bakin bututun da cikin mahaɗin da busasshen ƙyalle mai tsabta, a gwada shigarsu kafin a sa gam.

4. A shafa gam a zagaye, a bakin bututu da cikin mahaɗi, ba tare da ya yi yawan da zai taru a ciki ba.

5. A cusa nan take har ƙarshe, a ɗan murɗa kaɗan, a riƙe kamar daƙiƙa 30, a goge wanda ya fito.

6. A bar shi ya kwana, wato awa 24, kafin a sake masa ruwa mai ƙarfi.

Gam ɗin nan yana da wari mai hawa kai, yana kuma kama wuta. A buɗe tagogi, a nisanta shi da murhu da risho da sigari. Mai ciki da jariri da mai asma su bar wurin har warin ya fita. A rufe gwangwanin a ajiye inda yara ba za su kai ba.

Ga koren bututu, wato PPR, zafin na'urar yakan kai digiri 260. Mai faɗin milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake buƙata a kanta, mai 25 kuwa daƙiƙa 7. Idan ya daɗe, robar takan narke ta toshe cikin bututun, ruwa ya riƙa fita da ƙyar. Shi ba a murɗa shi bayan an cusa. A hana yara zuwa kusa da na'urar har sai ta huce.

Inda roba ta haɗu da kan famfo na ƙarfe, a naɗa farin zaren nan na famfo a kan haƙoran, a ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Yawan matsewa yana tsaga roba.

Akwai dabaru biyu da aka saba gani waɗanda ya kamata maigida ya hana. Na ɗaya, gasa bakin bututu a wuta don a cusa wani a ciki ko a lanƙwasa shi, maimakon a sayi mahaɗi. Wurin da aka gasa yakan yi rauni, hayaƙinsa kuma yana cutar da huhu. Na biyu, ɗaure tsaga da robar tayar keke ko leda. Wannan yana rage fitar ruwa a ido, amma ba ya hana ƙazanta shiga. A yanke wurin a sa sabo.

TANKIN RUWA

Tanki mai cin lita 1,000 nauyinsa ya kai tan guda idan ya cika. Saboda haka ƙafafun da za a ɗora shi a kai su zama masu ƙarfi, gindinsa ya zauna a kan shimfiɗa madaidaiciya, kuma kada ya kasance a saman inda yara ke wasa. Tsayinsa ne ke ba ruwa ƙarfi, don haka ya ɗara famfo mafi tsayi a gidan da 'yan mitoci.

A zaɓi tankin da haske ba ya ratsa shi, domin haske ne ke sa gansakuka. Murfinsa ya rufu ruf, a kuma sa raga a bakin bututun ambaliya, saboda sauro da tsuntsaye. Bututun da ke kai ruwa gida ya ɗan ɗaga daga gindin tanki don laka ta kwanta a ƙasa, a kuma yi wata mafita a can ƙasa ta wanke shi. A wanke tanki aƙalla sau ɗaya a wata 6. Idan akwai ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, bakinta ya ɗaga sama da daɓe, murfinta ya zama mai kwaɗo, don kada yaro ya faɗa.

Abubuwa uku ne ke mayar da ruwa baya su ɓata layi. Kada a haɗa layin rijiya da layin hukuma kai tsaye; kowanne ya zuba a tanki ta sama. Kada a jona injin jan ruwa a jikin layin hukuma, domin yana ƙara zuƙo ƙazanta ta kowace tsaga. Kada kuma a bar bakin tiyo a nutse cikin bokiti ko bahon wanki ko kwamin dabbobi. A nemi mai aikin ya sa bawul mai hana ruwa komawa baya a inda ruwa ke shigowa gida.

GWAJI DA WANKE SABON BUTUTU

Kada a rufe rami ko a yi filasta sai an gwada. A cika layin da ruwa, a buɗe kawunan famfo har iska ta fita, a rufe su duka. A bi kowace gaɓa da busasshiyar takarda. A sa alama a inda ruwa ya tsaya a tanki, a duba washegari. Idan ya ragu alhali ba wanda ya ɗiba, akwai yoyo, a nemo shi kafin a sallami mai aiki.

Bayan haka sai wanki. A saki ruwa ya gudu har ɓurɓushin roba da ƙasa su fita. Sannan a cika tanki, a zuba ruwan bilic marar ƙamshi, irin su Jik ko Hypo. A duba ƙarfinsa a jikin robar. Idan kashi 3.5 cikin 100 ne, a zuba lita ɗaya da rabi a tanki mai lita 1,000. Idan kashi 5 ne, lita 1 ta isa. A buɗe kowane famfo har a ji warin maganin, a rufe, a bar shi awa 24. Wannan ruwa ba na sha ba ne, ba na girki ko wanka ba ne. A sanar da kowa a gidan, a tanadi wani ruwan daban, a ɗaure kawunan famfo saboda yara. Washegari a zubar da shi nesa da shuka da dabbobi, a sake cika tanki, a ɗauraye layin har warin ya gushe. Kada a taɓa gauraya bilic da sauran magungunan wanke banɗaki, domin yana fitar da iska mai guba.

RUWAN ZAFI DA LANTARKI

Gidan da zai sa hita saboda wankan jego ko sanyin hunturu, ya yi amfani da PPR ko CPVC a layin ruwan zafi. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, ruwa mai digiri 60 zai ƙona ta cikin 'yan daƙiƙu. Ruwan wankan jariri ɗumi ake so, daidai da ɗumin jiki, kamar digiri 37. A fara zuba na sanyi a baho, a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa shi. Ita ma mai jego ruwa mai ɗumi ya ishe ta. Tafasasshen ruwa yana ƙona fata, ya kuma wahalar da zuciya. Da bazara, bututun da ke rana yakan fito da ruwa mai zafi sosai da tsakar rana, don haka a taɓa kafin a tara wa yaro. Kada a ɗebi ruwan hita don sha ko dama kunun yara.

A wasu tsofaffin gidaje, a jikin bututun ƙarfe aka ɗaura wayar da ke kai wutar lantarki ƙasa idan ta ɓalle. Roba ba ta ɗaukar wuta, saboda haka idan aka canza bututun, wannan kariya ta tafi. A kira mai gyaran wuta ya duba hita da injin ruwa kafin a fara amfani da su.

ALAMOMIN DA BA A ƘYALEWA

A kira mai aikin famfo idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ruwa ya canza launi ko wari ko ɗanɗano; danshi a bango ko wurin da ƙasa ba ta bushewa; ƙarfin ruwa ya ragu ba dalili; ko famfo mai ɗiga. Famfon da ke ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a rana. Duk sa'ad da aka dawo da ruwa bayan ɗaukewa, ko aka dawo daga tafiya, a bar na farko ya zuba na 'yan mintuna, a yi shara ko ban ruwan shuka da shi.

Ko da bututu ya yi kyau, idan ana shakkar tushen ruwan, ko ana annoba a gari, a tafasa na sha ya yi minti 1 yana tafarfasa, a zuba a mazubi mai murfi, a ware masa moɗa guda mai tsabta. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwa ko da ana zafi.

IDAN GUDAWA TA SHIGO GIDA

A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan da nan. A narka ƙunshi 1 na wanda ake samu a asibiti ko kemis a cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Idan babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a lita 1. A ci gaba da ba da nono da abinci. Yara suna buƙatar ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, ma'aikacin lafiya zai faɗi adadin. A garzayo asibiti idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko fitsari ya ɗauke. Mai cikin da idanunta suka yi shawara kada ta kwana a gida. Idan mutum biyu ko fiye suka kamu lokaci guda a gida ɗaya, a daina shan ruwan ba tafasawa, a bi layin bututun a duba, a kuma sanar da maƙwabta da jami'an duba-gari.

KAMMALAWA

Masu karatu, bututun da aka shimfiɗa da kyau zai yi shekaru masu yawa yana aiki. A sayi irin da ya dace, a nisanta shi da kwata da masai, a binne shi, a haɗa shi da mahaɗai na gaskiya, a gwada, a wanke, sannan a sha. Kuɗin mahaɗi guda da 'yan mitocin ƙarin bututu bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Iyaye mata, ranar da za a yi aikin kada ku ce wannan na maza ne. Ku ne kuka fi kowa amfani da ruwan nan, don haka ku faɗi abin da kuka gani. Mai tambaya yana iya samun mu a ranakun awon ciki ko na rigakafin yara. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.